Motar da Aka Hana Yin Zafi: Sensar Ruwa, Tamostat da Shan Mai

Tun da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farkon 2023 ta je ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, masu tsofaffin motoci suka fara lura da abin da a da ba sa ko waiwaya. Golf ɗin da ke lodi daga Kano zuwa Katsina, Camry mai siririyar fitila, Honda Baby Boy, 406 ɗin tsohon ma'aikaci, duk kukansu ɗaya ne: mota na shan mai, silo ba ya zama, da safe sai an yi ta murza makulli kafin ta tashi, wani lokaci salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur. Abin da ke biyo baya a gareji kowa ya haddace shi. A canja fulogi, a wanke nozul. In ba ta daina ba a ce famfon mai ne. In an canja shi ma shiru, a koma kan eya filo mai auna iskar da ke shiga inji, daga nan a fara zancen birenbos, kwamfutar da ke sarrafa inji, wanda jin kuɗinsa kaɗai ya isa mai mota ya ce a bar ta haka. A duk wannan zagaye da wuya ka ji an yi tambayar da ta fi kowace araha: injin nan zafinsa nawa ne, kuma nawa birenbos ke zaton zafin yake?

Lambobi biyu ne, kuma ba dole su zo ɗaya ba. Yawancin rikicin da ake ɗora wa nozul da fulogi a tsakanin waɗannan lambobi biyu yake kwance.

Wanda ya taɓa tuƙa Peugeot 504 irin wadda ake haɗawa a Kaduna ya san cok. Da sanyin safiya ka ja shi, mota ta tashi tana gurnani, bayan ɗan lokaci ka tura shi ya koma. Dalili shi ne fetur ba ya ƙonewa yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. In inji na da sanyi, wani kaso na man da aka fesa ba ya zama tururi, sai ya manne a bangon hanyar iska da na silinda. Don haka sai an zuba fiye da ƙima kafin abin da ya rage ya isa ya kama wuta. In inji ya ɗumama, buƙatar ta kau, sai a koma ma'aunin da aka gina shi a kai, wato kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur bisa nauyi. A 504 direba ne ke yanke wannan hukunci da hannunsa. Da aka bar kafireta aka koma nozul, hukuncin ya koma hannun birenbos, shi kuwa birenbos yana kulle ne a ƙarƙashin dashbod ko a gefen inji, ba ya gani ba ya taɓawa. Kamar sarki yake a cikin gida, abin da 'yan aike suka kawo masa shi ne gari. Ɗan aiken da ke kawo labarin zafi shi ne sensar ruwa, ɗan abu da bai kai babban yatsa ba, a ɗaure kusa da inda babban tiyo ke fita daga kan inji.

Cikinta babu abin da ke motsi. Wani ɗan ƙwaya ne da ke tare wuta sosai in yana da sanyi, ya riƙa sakinta yayin da yake ɗaukar zafi. Birenbos na aika mata volt 5 ta waya ɗaya, ɗaya wayar kuma ta komawa ce, sai ya duba nawa ya rage a kan layin. A irin sensar Bosch da ke cikin motocin Turai da yawa, da kuma ta Toyota, in ka ɗora mitar gwajin lantarki za ka ga kusan om 2,500 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) a digiri 20, kusan 1,200 a digiri 40, kusan 600 a digiri 60, sannan ɗan sama da 300 a digiri 80. A tafasasshen ruwa takan sauko wajen 200. Wasu kamfanoni lissafinsu ya ɗan bambanta, amma hanyar ɗaya ce: zafi na hawa, lamba na sauka.

Da wannan labari guda birenbos ke yanke abubuwa da dama. Yawan man da nozul zai fesa lokacin tayarwa, da tsayin silo, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Da shi yake sanin lokacin da zai fara sauraron sensar oksijin da ke jikin salansa, wadda ita ce ke daidaita masa mai daƙiƙa bayan daƙiƙa. A motoci masu giya otomatik, irin Camry ɗin can, akwatin giya ba ya yarda ya shiga giyar ƙarshe sai ruwa ya ɗumama. A motocin da suka biyo baya kuma, kunna fanka ma ya koma hannunsa. Shi ya sa in labarin zafi ya gurɓace, alamun kan watsu ko'ina, har mutum ya rantse cewa abubuwa huɗu ne suka lalace lokaci guda.

Sensar na mutuwa iri-iri, kuma mai sauƙin kamawa ita ce wadda ta mutu gaba ɗaya. In waya ta tsinke ko sokit ya zare, birenbos zai ga volt 5 ɗinsa cif ba a taɓa ba, wanda a lissafinsa sanyi ne na ƙarshe, shi ya sa sikana, na'urar da ake jonawa a karanta abin da birenbos ke gani, ke nuna digiri 40 ƙasa da sifili a tsakiyar watan Afrilu a Sakkwato. In wayoyin sun haɗe, sai ya ga zafin da ya wuce hankali, sama da digiri 130. Duka biyun yakan gane cewa ba za su yiwu ba, ya kunna fitilar cek, ya ajiye lamba: P0118 ga ta farko, P0117 ga ta biyu, ko P0115 a dunƙule. Motocin da suka girmi wannan tsari ma suna da nasu yaren. A tsohuwar Toyota, in ka haɗa ramukan da aka rubuta wa TE1 da E1 da 'yar waya a akwatin gwaji, fitilar cek za ta ƙifta lamba 22. A tsohuwar Honda lamba 6 ce. Sannan yawancin birenbos kan ajiye labarin sensar gefe su ɗauki wata lamba ta wucin gadi, Toyota kan ɗauki digiri 80, wasu motocin kuma su saki fanka ta yi ta gudu don kada inji ya ƙone. Mota za ta yi wuyar tashi da safe, amma za ta kai ka gida.

Mai wahalarwa ita ce wadda ba ta mutu ba, ta dai fara kuskuren lissafi. Inji na digiri 88 tana cewa 55. Wannan lamba ce mai yiwuwa, don haka birenbos ba shi da dalilin zargi, tsohuwar mota ba za ta kunna fitila ba, mai sikana ya duba ya ce babu lamba ko ɗaya, mota lafiyarta ƙalau. Alhali kuwa tafiya take da cok a jaye tun safe har dare. Ka kwance fulogi za ka tarar da bakinsa baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, ka shafa ya kama maka yatsa. Ka zaro sandar gwada baƙin mai ka sansana, warin fetur za ka ji. In kuskuren ya yi yawa, motar da ta tashi lafiya da safe sai ta ƙi tashi bayan an tsaya sallar azahar, saboda an ambaliya wa inji mai zafi man da ake ba mai sanyi. Direbobin haya sun san dabarar: a take totur har ƙasa sannan a murza makulli. Dabarar na aiki ne saboda motoci da yawa kan rage ko yanke fesa mai in aka tayar da su totur a ƙasa. In motarka sai da haka take tashi in ta yi zafi, ta riga ta faɗa maka rabin amsar.

Kuskuren kan juya ɗaya gefen ma, sensa ta ce da zafi alhali inji sanyi ƙalau. Wannan a ƙasarmu yakan ɓuya wata da watanni, domin a bazara injin da ya kwana ma yana wajen digiri 30, ba ya buƙatar ƙarin mai sosai. Sai hunturu ya sauko, asubar Jos ko Funtuwa ko Zariya ta kusa digiri 10, sannan mota ta fara tari, ta tashi ta mutu, ta tashi ta mutu, sai an riƙe mata totur na ɗan lokaci. Da rana kuwa babu komai. Mai mota ya kai ta gareji ƙarfe goma sha ɗaya, bakanike ya murza makulli sau ɗaya ta kama, a tsaya ana kallon juna.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a nan, har da masu gyaran. Mai mota zai ce allurar zafi a dashbod tana tsakiya daidai, don haka sensa lafiya take. A tsofaffin motoci da yawa allurar ba ta da alaƙa da sensar birenbos. Nata daban ne, galibi mai waya ɗaya. Fanka ma tana da nata makunnin, sau da yawa a jikin lagireto. A 406 na farko-farko guda uku ne a jere a gidan tamostat, wato abin da ke tare ruwa kada ya je lagireto sai inji ya yi zafi, ana bambance su da launi: kore na birenbos, shuɗi na allura, ruwan ƙasa na akwatin fanka. Volkswagen kuma daga baya ta haɗa biyu a jiki ɗaya mai ƙafa huɗu, ƙafa biyu na allura biyu na birenbos, kuma rabi na iya lalacewa rabi na aiki. A Golf 4 da 'yan uwanta, baƙar sensar nan ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa har kamfanin ya maye gurbinta da koriya. Ba sau ɗaya ba a kan sayi sabuwar sensa a ɗaura a gurbin ta allura, a bar mai laifin tana zaune a gefe.

Gwajin da ya fi kowane faɗin gaskiya ba ya buƙatar a kwance komai, sai dai yana buƙatar a bar mota ta kwana. Da safe kafin a tayar, a buɗe makulli, a jona sikana, a bar shafin lambobin laifi a shiga inda take nuna abin da birenbos ke gani kai tsaye. A duba zafin ruwa, a duba zafin iskar da ke shiga inji. Motar da ta kwana komai nata ya huce, don haka lambobin biyu ya kamata su kusanci juna, su kuma kusanci yanayin garin, bambanci bai wuce digiri uku ko huɗu ba. In iska na cewa 24 ruwa na cewa 5, ko 60, an gama bincike. In sun yi daidai, a tayar a zuba ido. Lambar ta riƙa hawa sannu a hankali ba tare da tsalle ba, ta kai inda tamostat ke buɗewa, ta ɗan tsaya ko ta ɗan sauko, sannan ta zauna. Yayin da ake kallo, a sa hannu a girgiza sokit da wayoyin. In lamba ta yi tsalle daga 85 zuwa 30 ta dawo, matsalar a waya take.

Wannan aiki yanzu ba sai babbar kwamfuta ba. Ɗan ƙaramin ELM327 da ake jonawa da wayar hannu ya isa, muddin motar na jin yaren OBD2, wanda aka wajabta a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu fetur. Honda da Toyota 'yan Amurka na ƙarshen shekarun 1990 duk suna ji. Golf 3 da Vectra da sauran 'yan Beljiyam da suka girmi 2001 ba lallai ba, su sai na'urar da ta san yaren kamfaninsu, ko a koma ga mita.

Gwajin mita ma ba wani sirri ba ne. A zare sokit, makulli a buɗe, a duba ko volt 5 na isowa, a duba ko wayar komawa na da haɗi mai kyau. Sannan a auna ƙafafun sensar da sanyi, a sake aunawa da zafi. Wanda ke son tabbaci ya kwance ta, ya rataya bakinta a cikin butar shayi a kan wuta, mita na maƙale, ya kalli lambar na sauka har ruwan ya tafasa. Saukar ta zama sumul, babu inda mita ta ɗauke ta dawo. A tuna dai ruwa a Kano yana tafasa ne wajen digiri 98, a Jos kuma wajen 96 saboda tudu, don haka kada a yi rigima a kan om goma ko ashirin.

Lissafin da aka fi mantawa da shi na tsatsa ne, kuma a ganina shi ne ya fi bayyana dalilin da ya sa ake canja sensa matsala ba ta tafi ba. Ka leƙa cikin sokit na motar da ta shekara ashirin da biyar, wadda ake wanke injinta da ruwan famfo mai ƙarfi duk mako: ƙafafun sun yi kore-kore, roba ta bushe ta tsage, wani lokaci an yanke sokit ɗin gaba ɗaya an murɗe wayoyi an naɗe da salatif. A ce wannan datti ya ƙara om 300 a kan layin. Da safe sensa na ba da 2,500, birenbos na ganin 2,800, bambancin digiri biyu ko uku ne, ba wanda zai lura, gwajin safe ma zai wuce lafiya. Amma in inji ya kai digiri 80, sensa na ba da 300, birenbos na ganin 600, wato digiri 60. Datti ɗaya, da sanyi ba ya komai, da zafi ya sace digiri ashirin. Ka sa sabuwar sensa ta asali a wannan sokit, abin da za ka samu kenan. Shi ya sa ya kamata a auna daga can bakin birenbos ma, a gwada da abin da aka samu a jikin sensar. Wannan aikin rewaya ne mai haƙuri, kuma kuɗinsa bai kai na nozul ɗaya ba.

To, a ce an yi duk wannan. Sensa lafiya, waya lafiya, sikana na nuna digiri 62 bayan tafiya mai nisa a kan titi, ka taɓa babban tiyo ka ji lallai bai yi zafin da hannu zai kasa riƙewa ba. A nan babu wanda ya yi ƙarya. Injin ne da gaske bai yi zafi ba, kuma a Najeriya da Nijar dalilin kusan kullum ɗaya ne: an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye da makulli.

Wannan al'ada ta yi ƙarfi har wasu na yin ta ranar da mota ta iso daga Kwatano, kafin a yi mata lamba. Ka tambayi dalili a ce maka, "Alhaji, ai wannan don ƙasar ƙanƙara aka sa shi. Nan zafinmu ya ishe ta." Maganar na da daɗin ji, kuma masu faɗarta ba don mugunta suke yi ba. Sun ga tamostat ya maƙale a rufe ya ƙona gasket, sun ga makunnin fanka ya mutu a cunkoson Kasuwar Kwari mota ta yi ta tururi, kuma sun san in hakan ta faru bayan mota ta fita daga hannunsu, su za a zo wa da faɗa. Cirewa na kare bakanike daga zargi. Kuɗin kariyar kuwa mai mota ke biya a gidan mai, kaɗan-kaɗan, ta yadda ba zai taɓa danganta shi da gareji ba.

Inda maganar ta karkace shi ne zaton cewa aikin tamostat ɗumama mota ne don sanyi. Aikinsa riƙe inji ne a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wanda ya ninka zafin Maiduguri a watan Afrilu. Na Honda da yawa kan fara buɗewa a digiri 78, na Camry 82, na Golf 87, lambar ma a buge take a jikinsa. Garin da ya kai digiri 43 har yanzu sanyi ne ga ƙarfen da ke son 85 ko 90. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa. In an cire shi, ruwa na zagaya lagireto tun daga murza makulli, fanka kuma na busawa ba hutu. A cikin gari da rana inji zai lallaɓa ya yi zafi a makare. A kan babban titi da dare, ko lokacin hunturu, ko cikin ruwan sama, ba zai kai ba sam. Sensa ta kai rahoton gaskiya, birenbos ya ci gaba da ƙara mai bisa ƙa'idarsa. Motocin da suka ɗan waye kan yi ƙorafi da lamba P0128 ko P0125, sai a goge lambar, ko a cire ƙwan fitilar cek a huta.

Shan mai shi ne abin da ake gani, amma ɓarnar ta fi haka. Man da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka wanda ke gindin inji, ringi su riƙa cin bango. Tururin ruwa da ke taruwa a cikin inji ba ya samun zafin da zai kore shi, sai baƙin mai ya fara yin kauri da dauɗa. Fulogi na toshewa da wuri. Ragowar fetur na isa cikin katalis na salansa, wanda 'yan gareji ke kira indomi, ya ƙone a can har ya narkar da shi ya toshe, mota ta rasa ƙarfi, a fasa a zubar, a ce ai dama ba shi da amfani. Fankar da aka yi don ta riƙa hutawa kuma tana gudu awa bayan awa har motarta ta ƙone, galibi ba sanarwa.

Wani abin mamaki ma, cire tamostat kan iya jawo zafin da ake gudu. A injuna da yawa tamostat na da faifai na biyu a gindinsa. In ya buɗe hanyar lagireto, faifan nan sai ya rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye lokacin sanyi. In babu shi, gajeriyar hanyar na buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa zagayawa bai taɓa ganin lagireto ba. Sai ka ga mota ba ta ɗumama a titi, amma da an hau tudu da lodi allura ta tashi.

Ruwan kansa akwai magana a kansa. Yawancin tsofaffin motocinmu ruwan rijiya ko na burtsatse ake ɗura musu, wani lokaci na leda. Irin wannan ruwa na barin farin gishiri da tsatsa a hanyoyin lagireto, kuma wannan toshewa ce asalin zafin da ya sa aka cire tamostat tun farko. Yana kuma lulluɓe bakin sensa da ɓawo, ta koma jin zafi a makare. Ruwan sanyaya inji na gaske, wanda aka gauraya rabi da rabi, yana hana tsatsa, kuma tare da murfin lagireto mai riƙe iska yakan kai sama da digiri 120 kafin ya tafasa. Murfin da robarsa ta mutu kaɗai ya isa ya sa mota ta riƙa zubar da ruwa. In kuma ruwa ya ragu har bakin sensa ya fito fili, abin da take ji iska ce ko tururi, lambar ta riƙa hawa da sauka ba dalili, silo na binta. Mafi haɗari, allura na iya sauka ƙasa daidai lokacin da kan inji ke gasuwa. Direban da ya ga allurar da ta saba zama tsakiya ta faɗi haka kawai a kan hanya, ya tsaya ya duba ruwa, kada ya yi murna.

Ba kowane shan mai ko rawar silo ne na sensar ruwa ba, kuma wanda ya karanta wannan ya tafi ya ɗora mata komai ya koma gidan jiya. Tiyon iska da ya tsage bayan eya filo na sa silo ya yi ta hawa da sauka. Sensar oksijin da ta tsufa na ƙara shan mai. Abin daidaita ƙarfin mai da ke kan layin nozul, in fatarsa ta huje, fetur na bi ta siririn tiyonsa ya shiga inji, ka zare tiyon ka ga jiƙe. Motar da ke mutuwa ɗif in ta yi zafi, ta ƙi tashi sai ta huce, an fi samun laifin a sensar kiranshaf ko kwayil. Ga kuma gurɓataccen mai, irin wanda aka shigo da shi mai yawan methanol a Fabrairun 2022 ya lalata motoci a Legas da Abuja. Abin da ya sa zafin ruwa ya cancanci a fara da shi shi ne gwajinsa minti kaɗan ne, kuma sauran gwaje-gwajen duk ba su da ma'ana in inji bai kai zafinsa ba.

Akwai gwajin da 'yan gareji ke so, a zare sokit ɗin sensa a ga ko mota za ta canja murya. Yana da amfani in an san abin da ake kallo. In mota mai zafi tana hayaƙi, aka zare ta washe, alama ce mai ƙarfi cewa lambar wucin gadin birenbos ta fi wadda layin ke kawowa kusa da gaskiya. Amma bai bambance tsakanin sensa da sokit ba, bai kuma ce komai a kan tamostat ba. A wasu tsofaffin motocin ma zarewar ambaliyar mai take jawowa, mota ta mutu nan take, a ce an gano, alhali ba a gano komai ba.

In ta tabbata sensar ce, saye ma sai da mita a aljihu. A Ƙofar Ruwa ko Panteka za a miƙo maka ta Beljiyam da aka cire daga wani inji, da sabuwa a kwali mai rahusa. Zare ɗaya da sokit ɗaya ba sa nufin lissafi ɗaya, kuma ta allura ba ta zama a gurbin ta birenbos ko da ta shiga ramin. A auna ta a wurin: a inuwar shago da rana ya kamata ta ba da tsakanin 1,300 da 2,000, ka dunƙule ta a hannu ko ka tsoma a ruwan zafi ka ga lambar ta motsa. Wajen ɗaurawa, inji ya huce tukuna, domin ruwan da ke ƙarƙashin murfi na iya fin tafasasshe zafi. Mai waya ɗaya ta jikin zarenta take samun hanyar komawar wuta, don haka naɗe zaren da farin tef na masu famfo na iya kashe ta. Ta Volkswagen ba zare gare ta ba, 'yar roba ce da maƙalli, a sa sababbi. Bayan an cika ruwa a fitar da iska, 406 ma tana da 'yan sukurori musamman don haka.

Mayar da tamostat kuwa yana da tsari, kuma wanda ya tsallake tsarin zai ƙona gasket ya dawo yana cewa bakanike ya yi gaskiya. Motar da ta shekara biyar ba tamostat mai yiwuwa tana ɓoye cutar da ta sa aka cire shi. A fara da lagireto, a wanke ko a canja in ya toshe. A duba famfon ruwa, domin ruwan rijiya kan cinye fukafukansa. A sa murfi mai lambar da ta dace. A kwance haɗin fanka na kai tsaye, a mayar da ita kan makunninta da rile, a tsaya a gani da ido ta kama da kanta ta kuma tsaya da kanta. Shi ma sabon tamostat a jefa shi a tukunyar ruwa a ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe in ya huce. Sannan a ɗaura, a jona sikana, a fita titi da na'urar sanyi a kunne, a dawo a tsaya cikin rana inji na aiki. In lambar na yawo tsakanin 85 da ɗan sama da 95, fanka na kamawa tana saki, sai a canja baƙin man da fetur ya riga ya tsinka, a cika tanki, a rubuta lambar kilomita.